Takardar da Ashafa Ya Rataya Shekara Goma Sha Bakwai

Duk wanda ya saba bin layin masu atamfa a kasuwar Arzeke ta Parakou ya san Malam Ashafa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo da ke zama a kan benci, gefen rumfar matarsa Sakinatu. Idan ya tashi tafiya, hannunsa na dama yana lilo kamar na kowa, amma na hagu a manne yake da haƙarƙarinsa, kamar wanda ya maƙale wani abu a hammata. Baƙi kan zaci ciwon kafaɗa ne. Lafiyarsa ƙalau. Sabo ne na shekara goma sha bakwai, kuma abin da yake maƙalewa ɗin ya daɗe da barin wurin.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a unguwar Zongo. Tun da na bar aikin koyarwa, maƙwabta suke kawo mini takardun Faransanci in karanta musu. Ta haka na ga yawancin abin da zan faɗa da idona; sauran kuwa daga bakinsa na ji, shi da mutanen gidansa.

Ashafa jikan fataken goro ne na Djougou. Mahaifinsa ya bar fatauci ya koma sayen doya da kaɗanya a ƙauyukan Partago, kuma a ɗaya daga cikinsu aka haife shi. Ba wanda ya rubuta ranar. Ya yi karatun allo, bai shiga makarantar boko ba, don haka bai nemi takardar haihuwa ba sai da ya zama cikakken mutum. Ya je kotu a Djougou da shaidu biyu, dattawan ƙauyen, aka yi masa takarda guda mai hatimi, wadda ta ce an haife shi wajen shekarar 1959. Bai iya karanta ta ba, amma ya san cewa daga ita ake samun katin ɗan ƙasa, daga katin kuma ake samun duk sauran. Da ya auri Sakinatu suka zauna a Parakou, sai ta karɓe ta, ta sa a ƙasan wata kwalla ta kayan aurenta, ta ɗora zannuwa a kai.

A 1996 ya tafi Abijan neman abinci. Ya kama sayar da takalma da agogon hannu a bakin tashar Ajame, inda jama'a ke cinkoso tun safe har faɗuwar rana. Shekara biyu ba abin da ya same shi. Wata ranar Talata, yana ƙoƙarin shiga ƙaramar motar haya da suke kira gbaka, sai wani ya take masa ƙafa, ya tsaya yana ba shi haƙuri har da dafa kafaɗa. Ashafa ya ce ba komai, har ya yaba da ladabin mutumin. Sai da ya zauna ya ji iska tana shiga cinyarsa. An tsaga aljihun wandonsa da reza, tsaf kamar aikin tela. Alabensa ya tafi, da katin ɗan ƙasa a ciki, da katin da ofishin jakadanci ke bai wa 'yan ƙasa mazauna waje.

Ba a yi mako guda ba aka tsayar da motarsu ana duba takardu. Ba shi da abin nunawa. Kwana biyu ya yi a tsare kafin mai masaukinsa ya zo ya tsaya masa. Da ya je neman sabon kati, aka ce ya kawo takardar haihuwa, ita kuwa tana Parakou cikin kwalla. Ya aika da saƙo ta hannun wani direba, direban ya manta. Ya sake aikawa, aka bai wa wani ɗan kasuwa takardar, shi kuma ya biya ta Lome ya yi zamansa. Wata huɗu Ashafa yana tafiya yana waiwaye, in ya hango mai kaki sai ya sauya hanya. Ranar da takardar ta iso hannunsa, ya yi rantsuwa cewa shi da ita ba za su sake kwana a garuruwa daban ba.

Da ya zo gida a shekarar da ta biyo baya, Sakinatu ta miƙa hannu za ta karɓi takardar ta mayar wurinta. Ya hana.

"Malam, shekara nawa tana cikin kwallar nan, ko kyankyaso bai taɓa ta ba," in ji ta.

"Da aka tsare ni, kwallar taki ta zo ta fitar da ni?"

"To, ka tafi da kwafi, ka bar mini ainihin."

"Ke ba ki san zaman ƙasar wani ba. A can, mutum ba shi da uwa, ba shi da uba, sai takardarsa."

Washegari ya shiga mota zuwa Djougou, wurin Badamasi baduku. Badamasi taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Rumfarsa tana bayan babban masallaci, inda kakansa ya riƙa ɗinka wa fataken goro ɗamarar ɓoye kuɗi. Yawancin aikinsa rufin laya ne: malami ya rubuta, a naɗe, a kawo masa ya lulluɓe da fata ya ɗinke.

Kafin ya isa rumfar, Ashafa ya tsaya a wani shago aka yi masa kwafi ashirin na takardar. Sannan ya shimfiɗa ainihin a gaban Badamasi, ya ce yana so a rufe ta yadda reza ba za ta kai gare ta ba.

"In yi mata murfi da maɓalli?" Badamasi ya tambaya.

"Abin da yatsana zai buɗe, yatsan ɗan sane ma zai buɗe. Ɗinke ta ruf, kamar laya."

"Kai dai tun kana yaro wawa ne, ashe girma bai rage komai ba. Miƙo ɗaya daga cikin kwafin nan in auna, ba zan kai wuƙa kusa da mai hatimi ba, kada ka mutu mini a rumfa."

Badamasi ya ninke kwafin sau uku har ya zama kamar tafin hannu, ya ɗora a kan jar fatar akuya wadda aka rina da karan dafi, ya yanka daidai da shi. Ya ninke ainihin takardar haka nan, ya naɗe ta da farin ƙyalle da zare kamar yadda yake yi wa kowace laya, ya sa a ciki, ya bi gefe da basilla. Ya yi mata maratayi na fata mai kauri. Ashafa ya rataya ta a ƙarƙashin riga, ta faɗa daidai hammatarsa ta hagu, ya manne hannu a kai. Ya ce ranar ce ya fara numfashi da kyau tun bayan abin da ya faru a Ajame.

Daga nan ya zama gwanin tsaron kai. Katunansa biyu ya tura su cikin ƙubakar wando, inda zariya ke bi. Kuɗin ciniki yana rarraba su, wasu a cikin hula, wasu a ƙasan takalmi. A aljihun baya kuwa, inda kowane ɗan sane ke fara dubawa, yakan sa wani alabe mai araha wanda ya sa wa suna rabon ɓarayi. A ciki yakan cusa guntayen jarida don ya yi kauri, da tsofaffin tikitin mota, da kwafi guda na takardar haihuwarsa. Hujjarsa ita ce, in ɓarawo ya buɗe ya ga takarda mai alamar hatimi, zai tabbata ya sami na gaske, ba zai sake bin sa ba. Sau goma sha ɗaya aka zare masa rabon ɓarayi. Kowane karo sai ya taɓa hammata, ya yi murmushi, ya je ya sayi wani alaben, ya zaro wani kwafin daga cikin jakarsa.

Ko a shekarun da Abijan ta rikice, da shingaye suka yi yawa a kan titi, ba wanda ya kula da abin da ke rataye a jikinsa. Masu bincike kan shafa, su ji fata, su ce laya ce, su janye hannu. Yana cire ta in zai yi wanka, ya rataya a ƙusa inda idonsa ke gani, ya mayar tun jikinsa bai gama bushewa ba. Da ita yake sallah, da ita yake barci, da ita yake tsayuwa a ranar Abijan da damshinta.

Duk bayan shekara uku ko huɗu yakan zo gida, kuma kafin ya koma sai ya biya ta wurin Badamasi, domin gumi ya riga ya mayar da jar fatar baƙa, ɗinkin ya fara saki. A al'adar dukawa, laya in ta tsufa ba a farke ta, sai dai a yi mata sabuwar riga a kan tsohuwar. Haka Badamasi ya yi, haka kuma Ashafa yake so. Sau huɗu aka sake mata riga. Ba wanda ya tuna, a cikinsu biyu, cewa abin da ke ciki ba laya ba ne, takarda ce da wata rana za a nemi a karanta.

Kwafin nan kuwa suka riƙa raguwa. Wasu sun tafi ofisoshi wajen sabunta kati, mafi yawa sun bi 'yan sane. Na ƙarshe an zare shi a 2014. Bai damu ba. Ya ce in ya koma gida zai sa a yi wasu, amma yin hakan sai an farke ɗinki, shi kuwa ko tunanin hakan yana tayar masa da hankali. Ya ɗage, ya sake ɗagewa.

A 2015 gwiwoyinsa suka gaza da tsayuwar tasha, ya tattaro ya dawo Parakou. Ya zama mai ba da shawara ga duk wanda zai fita waje. Masu shirin tafiya Libiya, ko Gabon, ko Ghana, sukan zo bencinsa, ya koya musu yadda ake tsayuwa a cinkoso, da abin da ake yi in wani ya take maka ƙafa yana ba da haƙuri. A ƙarshe yakan buga hammatarsa ya ce: "Shekara goma sha shida a Ajame, hannun mutum bai taɓa wannan ba." Da yawansu daga nan suke wucewa Djougou wurin Badamasi.

Babbar 'yarsa Mubina ta gama sakandare a 2016 da sakamako mai kyau. Tun tana ƙarama take cewa ungozoma za ta zama, irin ta asibiti. Aka sanar da jarrabawar shiga makarantar, aka ba da mako uku a kai takardu. Ta haɗa komai, sai takardar shaidar zama 'yar ƙasa, wadda ba a yin ta sai da takardar haihuwar uba. A lokacin ba a mayar da irin waɗannan takardu cikin na'ura ba, sai abin da mutum ya riƙe a hannu.

"Baba, ana son takardarka. Kwana biyu kawai, in mayar maka," in ji ta.

"Kai musu katina."

"Na kai, sun ce takardar haihuwa suke so."

"Ba ki iya magana da ma'aikata ba ne. Ni zan je."

Ya je, aka faɗa masa abin da aka faɗa mata. Ya koma washegari ko zai tarar da wani ma'aikacin, amsa ba ta sauya ba. Ya nemi wani tsohon abokinsa da ya taɓa aiki a can, shi ma ya ce ba makawa. Kwana biyar suka tafi a haka.

A safiyar rana ta shida aka aiko in zo. Na tarar da su a tsakar gida. Sakinatu ta ɗauko almakashin da take yankan atamfa da shi, Mubina na tsaye da jakar takardunta, Ashafa na zaune a kan tabarma, abin yana hannunsa, ya ƙi saki.

"Mushe, ka zama shaida," ya ce mini, wato malam a bakin Faransanci, sunan da unguwa ke kirana da shi tun ina koyarwa. "Ni na ce a bari a kai wa wanda ya ɗinka ya farke. Mace da almakashi za ta yanke hatimin."

"Malam, in ka ga dama ka riƙe ta har ranar da za a rufe karɓa," in ji Sakinatu. "Sai ka rataya yarinyar ita ma a ɗaya hammatar."

Ya miƙa mata, ya kau da kai.

Riga ta farko ta fita da sauƙi. Ta biyu ta yi tauri kamar ƙaho. Daga ta uku wani wari ya fara tashi, irin na tsohon takalmi da ruwa ya daɗe a ciki. Ta biyar, wadda ita ce ta asali, ta manne da ƙyallen, ƙyallen kuma ya manne da takardar. Sakinatu ta ajiye almakashi ta bi da farce a hankali. Abin da ya fito wani dunƙule ne ja-ja, mai laushi a tsakiya, busasshe a gefe. Gumi ya ratsa fata, ya kwashi rinin karan dafi ya shigar da shi ciki, shekara bayan shekara. Na yi ƙoƙarin buɗe ninkin da bakin reza, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na iya ganin rabin da'irar hatimi, da kalmomi biyu ko uku na bugun inji. Sunansa, da lambar takardar, da shekarar da aka yi ta, duk an rubuta su da hannu ne, kuma ba abin da ya rage nasu.

"Karanta mana, Mushe," in ji Ashafa.

Na ce masa babu abin karantawa.

"Ka dai sa tabarau."

"Suna idona, Malam Ashafa."

Mubina ta ajiye jakarta a kan turmi, ta shiga ɗaki. Sakinatu ta tambaye shi ina kwafin da ya yi ashirin. Ya ce ɓarayi sun kwashe. Ta ce, "Ɓarayi suka kwashe, ko kai ka riƙa raba musu kamar sadakar Juma'a?"

Washegari muka kama hanyar Djougou, ni da shi, don in yi masa magana da ma'aikata. A ofishin da ake ajiye rajistar haihuwa muka sami wani ma'aikaci mai haƙuri. Ya ce ba matsala, za a iya sake fitar da takardar daga littafin asali, a ba shi lamba da shekara. Ashafa ya ce bai san lamba ba. Shekara fa? Ya ce shekarar da mahaifinsa ya sayi injin niƙa. Ma'aikacin ya buɗe mana wata ƙofa, ya nuna mana littattafai jere daga ƙasa har rufi, ya ce kowace shekara tana da littafi uku ko huɗu, kuma shi kaɗai ne a wurin, ga layin mutane a waje. Duk da haka ya yarda ya duba mana shekara biyu in mun zaɓa. Ashafa ya zaɓi 1981 da 1982. Kwana biyu muka yi muna jira a kan benci, ba a samu ba. Muka tambayi batun yin sabuwar takarda a kotu, aka ce ana yi, amma ba ta kasa wata biyu.

Da muka fito a rana ta farko, hanyarmu ta bi ta bayan babban masallaci. Na ce masa mu tsaya mu gai da Badamasi. Ya ja tsaki ya tsallaka titi.

"Mutumin da ya dafa mini takarda a cikin fata? In na gan shi yau, sai an raba mu."

Muka wuce ƙauyensu na Partago neman shaidun nan biyu, ko za su tuna shekarar. Duka sun rasu. Ɗan ɗayansu ya ce yana jin kafin babban fari ne. Wata tsohuwa ta rantse bayan fari ne, domin ta tuna injin niƙan ya zo lokacin da ba hatsin niƙawa. Aka tara mutane a gindin mangwaro, gardama ta koma kan injin, wa ya kawo shi, wa ya lalata shi. Muka koma ofis da shekara uku sababbi, ma'aikacin ya duba ɗaya, ya ce sauran sai mako mai zuwa. Muka dawo Parakou hannu wofi.

Gidan ya yi tsit a kwanakin nan. Mubina tana kawo masa abinci, ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tashi. Ya ce mini da ta yi masa rashin kunya da ya fi masa sauƙi. Ƙawayenta biyu sun riga sun kai takardunsu, suna zuwa da littattafai su yi bita tare, ita ma tana zama da su, ba ta fasa ba. Shi kuwa yana zaure yana jin muryoyinsu, hannunsa manne da haƙarƙari, ba komai a wurin.

Ranar Alhamis, saura kwana guda a rufe, ya buga mini ƙofa da sassafe. Ya ce mu koma Djougou. Na tambaye shi ko ya tuna shekarar ne. Ya ce a'a, Badamasi zai je ya gaya wa magana, domin in bai faɗa ba cikinsa zai fashe.

Mun tarar da Badamasi a zaune a kan buzu, ya shimfiɗa jar fata a kan katako yana yanka. Ashafa bai ko yi sallama da kyau ba, ya watsa masa dunƙulen nan a gabansa.

"Ga aikinka. Ka cuce ni, ka cuci 'yata."

Badamasi ya ɗauka ya juya shi, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. "Wannan warin hammatarka ce, ba warin fatata ba. Me ka ce in yi maka? Ka ce in rufe ta kada ɓarawo ya taɓa. Ɓarawo ya taɓa?"

"Sau huɗu ina kawo maka, ba ka taɓa cewa a buɗe a duba ba!"

"Ran farko na ce in sa maɓalli, ka ce yatsan ɗan sane. Ni baduku ne, ba malamin asibitin takarda ba. Kuma kai ne kake turo mini mutane, kowa ya zo sai ya ce irin ta Ashafa yake so. Ka ga wannan ma ta wani mai tafiya Aljeriya ce. Har yau da ma'auninka nake yanka."

Ya ɗaga abin da ya danne fatar da shi. Wata takarda ce a ninke, girman tafin hannu, ta yi baƙi da maiƙo, wuƙa ta cinye gefunanta. Na hango haruffan boko a jikinta. Na ce ya miƙo mini.

Kwafin nan ne da ya karɓa a 1999 don aunawa. Yana ajiye shi a cikin gwangwanin basilla, a inuwa, ba ya fitowa sai in za a yanka fata. Na buɗe shi a hankali. Duk inda ninki yake, wuƙa ta ci, har takardar ta zama kamar taga mai gida takwas. Rabin sunan mahaifiyar Ashafa ya tafi. Amma a gida na biyu daga sama, lambar tana nan, 412, ga shekara a gefenta, 1984.

Ashafa ya zauna a ƙasa, bai nemi buzu ba. Ya tambaye ni yau kwana nawa da muka bi ta bayan masallacin nan ya tsallaka titi. Na ce goma sha uku. Badamasi ya tura masa butar ruwa.

Kafin mu isa ofis an tashi. Ranar Juma'a da safe ma'aikacin ya ɗauko littafin 1984 na biyu, cikin minti goma ya sa yatsa a kan sunan. Aka rubuta, aka sa hannu bayan an sauko daga masallaci. Muka iso Parakou da la'asar. Ko da mun iso da hantsi ma ba ta sauya komai ba, domin takardar shaidar 'yar ƙasa da za a yi da ita tana ɗaukar kwanaki. Ta fito ranar Alhamis ta gaba, kwana shida bayan rufewa. Mubina ta kai duk da haka. Aka duba, aka ce takardunta sun cika, sai dai ta dawo baɗi.

Shekarar nan a rumfar mahaifiyarta ta yi ta, tana auna atamfa tana yankawa da almakashin nan. Ƙawayenta sukan biyo da farar rigar makaranta su gaishe ta. Ashafa yana kan bencinsa, taku uku daga wurin, yana gani. Masu tafiya waje ba su daina zuwa neman shawara ba, kuma bai daina koya musu tsayuwa a cinkoso ba, amma ya bar buga hammata. Wata rana na ji wani ya tambaye shi sau nawa aka yi masa sata a Abijan. Ya ce, "Ni ba a yi mini wata sata ba. Ni dai na ɗauke wa yarinyar can shekara guda, kuma ba ni da inda zan samo in mayar mata."

Da aka sake buɗe karɓa, Mubina ce ta farko a layi. Ta ci jarrabawar, ta yi karatunta, yau tana aiki a wani asibitin haihuwa a wajen gari, shekara guda a bayan ƙawayenta. Badamasi ya koma sa wa jakunkunansa murfi da maɓalli, yana kuma gaya wa kowa ya riƙa fitar da takarda tana shan iska. Ashafa ya ce wannan ba tsaro ba ne, wasan yara ne. Ya nemi a ba shi ma'aunin nan, Badamasi ya ce sai dai ya kai shi kotu.

Sabuwar takardar kuwa, Mubina ta ɗauki hotonta a waya, ta ajiye kwafi a gidana da gidan kawunta. Ainihin ta koma ƙasan kwallar da ta fito daga ciki, zannuwa a kanta. Duk ranar Juma'a, kafin ya tafi masallaci, Ashafa yakan tsaya a ƙofar ɗakin Sakinatu ya ce a nuna masa. Takan buɗe kwalla, ta ɗaga takardar daga inda take zaune, ya leƙa ya ga hatimi. In ya miƙa hannu, sai ta mayar ta rufe.